Fita ta Huɗu da Mai Hadari

Bari in fara da masu tambayata ko har yanzu ban ga zoben nan ba. Ban gani ba. Sau huɗu ke nan ina saɓa jaka da filas ɗin shayi ina bin mutumin nan bayan gari, wai zan ga wata duniya mai zobe a sararin sama, sau huɗu ina dawowa da ciwon wuya da jiƙaƙƙen mayafi. Sai dai fita ta huɗu ba irin sauran ba ce. Ita zan ba ku yau, har da wurin da ban so faɗa ba.

Ga wanda bai san mu ba, ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da shida, ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Shi kuma gyaran injinan asibiti ne sana'arsa. Ranar da madubin gwajina ya fara nuna min komai dishi-dishi aka turo shi. Ya kwance abin ɗaya bayan ɗaya a kan farin ƙyalle, ya goge, ya mayar, bai ce min uffan ba sai da ya gama. Yana rufe jakarsa ya ce, "Malama, kin taɓa leƙa irin wannan, amma mai kallon sama?"

Na ɗauka salon samari ne. Ashe bawan Allah da gaske yake. Yana da madubin hangen taurari, wani farin bututu mai kaurin bokiti, tsawonsa ya kai ƙirjina, da hannunsa ya harhaɗa shi cikin shekara biyu. Suna da 'yar ƙungiya, su takwas, duk ranar Asabar ɗin da sama ta yi garau sai su fita inda babu fitilun gari su kafa kayansu. Abin da ya fi so ya nuna min shi ne Zuhal, duniyar da zobe ya kewaye ta.

Ni Injiniya nake ce masa. A gidanmu kuwa Mai Hadari ne sunansa, kuma Gwaggo, yayar Abba, ita ta raɗa masa.

Ba ta yi ƙarya ba. Fita ta farko, da Yayana muka je. Yini guda sama fes, ko ɗigon gajimare babu. Muna gama kafa bututu hadari ya taso daga gabas kamar an aike shi. Ta biyu, iska ce ta fara, ta kifar da kujeru, ruwa ya biyo baya, muka ƙare a cikin mota muna cin biskit. Ta uku ya turo min hoton manhajar yanayi da sassafe, da alamar wata da taurari reras. Muka je, wani siririn gajimare ya shimfiɗu ya ƙi motsi, wata ya koma kamar tocila a ƙarƙashin bargo.

Abin da ya kama ni shi ne, ban taɓa ganin ya yi tsaki ba. Yayana yana ta mita a kan man da aka ƙona, shi kuwa sai ya zuba wa kowa shayi, ya ɗaga yatsa ya nuna gajimaren. "Tana nan daidai wurin nan," zai ce, "ba ta je ko'ina ba. Mu ne ba mu gan ta ba." Sannan ya buɗe ɗan littafinsa ya rubuta kwanan wata, a ƙasa ya sa: Hadari. Mun sha shayi. Na taɓa leƙa littafin, shafi kusan goma duk abin da ke ciki ke nan. Mutumin da zai iya rubuta wannan sau goma bai jefar da biro ba, ku faɗa min, ba abin a kalla sau biyu ba ne?

Umma ba ta ga haka ba.

Ranar Laraba tana ninke wanki a kan gadonta, ina taya ta haɗa safar Abba, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Wata nawa yanzu?"

"Da me, Umma?"

"Kada ki mayar da ni ƙawarki. Wata takwas. Yayyenki mata uku, babu wadda aka yi wata huɗu ana mata sintiri ba a turo manya ba. Ke naki sai dai ya ɗauke ki kallon gajimare."

"Mutumin kirki ne, Umma."

"Ban ce ɗan iska ba ne. Na ce ban ga inda ya dosa ba. Abbanki ya yi magana, ƙarshen watan nan. Ko ya turo, ko ya daina tsayar mana da mota a ƙofar gida."

Saura kwana tara. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na rubuta wa Injiniya yadda aka yi, ban rage komai ba. Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake, ya tsaya. Da ƙyar saƙo ya shigo.

"Abba yana da gaskiya. Ki ba ni Asabar ɗin nan. Masu hasashen yanayi sun ce sama za ta buɗe."

"Haka suka ce wancan karon."

"Haka suka ce. Ko ta buɗe ko ba ta buɗe ba, za mu yi magana."

Ranar Asabar aka kira Yayana wurin aiki tun da hantsi. Na zata shi ke nan fita ta rushe, sai ga Gwaggo ta fito daga ɗakin baƙi da ƙatuwar jakarta da lema, ta ɗaura ɗankwali har saman gira.

"Ni zan raka ki. Ina so in ga bututun nan da ya hana yaro aure."

Ku san wace ce Gwaggo. Shekara talatin ta yi tana aikin jinya kafin ta yi ritaya. Ba ta ɗaga murya, amma in ta sauke tabarau kan hanci ta dube ka, sai ka tuna laifin da ka yi tun kana firamare. Abba da furfurarsa, in ta kira shi a tsaye yake amsawa.

Na sa doguwar rigata ruwan toka mai aljihu, da mayafi mai kauri, da takalmin roba, don na koyi darasi. Na shafa turare na goge rabi, kada Gwaggo ta yi magana. Ta yi duk da haka. "Taurarin ne za su shaƙa?"

Ƙarfe biyar Injiniya ya iso. Da ya ga Gwaggo maimakon Yayana, sai da fuskarsa ta ɗan canza, amma ya durƙusa ya gaishe ta, ya buɗe mata gidan gaba. Ni na zauna baya, bututun yana kwance a gefena an naɗe shi da bargo an ɗaure da bel kamar mara lafiya.

Ba mu fita gari ba wayarsa ta fara ƙara. 'Yan ƙungiyar ne, ɗaya bayan ɗaya suna janyewa, wai sun hango duhu a gabas. Ya tsaya gefen titi ya kira shugabansu, wani dattijo tsohon malamin makaranta. Na ji yana cewa, "Don Allah, Malam, ko da daga baya ne. Ka san dalili." Da ya ajiye ya ce Malam zai biyo mu a babur bayan magariba.

"Ko mu ɗage?" ya ce, yana dubana ta madubi.

Raina ya ɓaci. Saura kwana shida, yana maganar ɗagewa. Kafin in buɗe baki Gwaggo ta ce, "Na riga na sa takalmi. Ja mu je."

A hanya ta yi masa tambayoyi kamar mai cike takardar kwantar da majinyaci. Iyayensa, ƙannensa, gidan haya ne ko nasa, wa yake dafa masa abinci. Ya amsa duka, bai ƙara gishiri ko ɗaya ba. Da ta tambayi amfanin kallon taurari, ya ce, "Gaskiya, Gwaggo, ba ya kawo komai. Sai dai in na leƙa na dawo, abin da ya dame ni da rana yakan ragu."

"Hmm," in ji ta. Wannan hmm ɗin, a bakin Gwaggo, yabo ne.

Wurin wani fili ne a kan tudu, kusa da tsohon tankin ruwa, ciyawa ta kai idon sawu. Ya yi sauri ya kafa komai tun da sauran haske, ya jera ƙananan gilasan a cikin akwatinsu, ya buɗe wa Gwaggo kujera, ya rufa mata bargon a gwiwa. Muka yi sallah, muka zauna. Sama kuwa, kun riga kun sani. Baƙi ƙirin daga gabas, toka-toka a saman kanmu, walƙiya tana wasa can nesa.

"Mai Hadari," in ji Gwaggo tana kurɓar shayi, "ka cika sunanka."

Ya yi dariya har da sunkuyar da kai.

Mun kai awa ɗaya da rabi a haka, sauro yana cin rabonsa. Sai iska ta juya. Na ɗaga kai na ga gajimaren ya yage a wuri guda, kamar tsohon zani, taurari sun leƙo ta ciki.

"Injiniya, ta buɗe."

Ya miƙe zumbur. "Malama, duba sama da tankin, ɗan hagu. Akwai wani mai haske da ba ya ƙyaftawa, ruwan ɗorawa-ɗorawa?"

"Akwai."

"Ɗora hannunki a bututun ki juya shi wajen. A hankali."

Na juya, ya manna ido a ƙaramin madubin gefe, ya gyara, ya koma babban. Ya samo ta. Wata takwas nake jiran wannan minti, har na matsa gaba ina gyara mayafi.

"Gwaggo," ya ce, "bismillah."

Wallahi sai da na ji kamar in zauna a ƙasa. Gwaggo ta tashi da nauyin jikinta, ta cire tabarau, ta sunkuya. Ta manna ido. Ta ɗago ta leƙa bakin bututun, ta koma ta sake manna ido.

"Hoto ka liƙa a ciki?"

"A'a, Gwaggo. Ita ce da kanta."

"Da zobenta. Kamar an zana da fensir." Muryarta ta yi ƙasa, irin wadda ban taɓa ji ba. "Tana gudu kuma, ga ta tana barin wurin."

"Mu ne muke juyawa." Ya ɗan taɓa bututun ya dawo mata da ita.

Ta daɗe. Da ta ɗago ta ce, "Allah mai iko. Zo, Auta."

Na sunkuya na sa ido. Toka. Na ɗago na kalli sama, yagewar ta haɗe kamar ba a taɓa yi ba. Ɗigon farko ya sauka a kan hancina.

Ban yi kuka ba, amma saura kaɗan. Muka shiga tattara kaya a gurguje, Gwaggo tana haska mana da wayarta. A nan ne na ga abin da ban gane ba. Akwatin gilasan yana nan dab da ƙafarsa, shi kuwa yana laluben ciyawa ta wancan gefen. Ya juya ya yi karo da kujera. Gwaggo ta ɗauki murfin bututun ta miƙa masa ta gefen kafaɗarsa, ta riƙe a nan, ba ta ce komai ba. Bai karɓa ba. Yana ta tambayata ko na ga murfin.

Gwaggo ta sauke hannu a hankali.

Muna shiga mota ruwa ya kece. Wayarsa ta yi ƙara, Malam ne, wai rafin da ke kan hanyarsa ya cika, babu halin wucewa. Injiniya ya ce ba komai, ya gode. Ya zauna riƙe da makulli, bai sa shi ba. Sannan ya ajiye shi a gaban gilashi.

"Gwaggo, ba zan iya tuƙa ku ba. Ba na gani da dare yadda zan ɗauki ran mutum biyu."

"Na lura," in ji ta. "Dundumi. Tun yaushe?"

"Shekara huɗu da aka tabbatar. Na gado ne, ba irin wanda ake sha wa magani ya tafi ba. Ta gefe yake ci, a hankali. Da rana lafiya lau nake aikina. Ƙananan taurari kuwa sun ɓace min tun bara waccan, manyan ne suka rage." Ya ci gaba da cewa, "Likita ya ce zan iya shekara ashirin ina ganin gabana. Zai iya fin haka, zai iya gazawa."

Ina zaune a baya, hannuna a kan bargon bututu, kaina yana lissafi. Duk fitar da muka yi, Yayana ne ya tuƙo mu gida. Na zata son tuƙinsa ne ake biye wa. Bai taɓa zuwa wurina bayan magariba ba, ni kuma ina ta yabon kunyarsa a gaban ƙawaye.

Ya juyo, duk da na san ba lallai yana ganin fuskata ba.

"Malama, shi ya sa ban turo ba. Na kasa turowa ban faɗa miki ba, na kuma kasa faɗa. Sai na ce wa kaina bari in fara nuna mata abu ɗaya mai kyau, sannan in gaya mata mara daɗin. Hadari ya yi ta ba ni uzuri, ni kuma ina karɓa. Ban kyauta miki ba."

"Wata takwas," na ce. Iyakar abin da ya fito ke nan.

"Wata takwas. Ba ni da abin karewa."

Ku masu karatu, na ji haushi, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma a ƙasan haushin akwai wani abu da ya ƙi kwanciya. Hanyar nan ya san ta kamar tafin hannunsa. Da ya lallaɓa a hankali yana bin fitilar wata mota, wataƙila da mun isa, da asirinsa ya rufu a gaban matar da ta fi kowa ƙarfin murya a danginmu. Ya san abin da ajiye makullin nan zai iya jawo masa. Ya ajiye.

Gwaggo ta mayar da tabarau. "Me ya sa ka ba ni na fara leƙawa?"

"Ke ce babba. Kuma na san ba za ki sake biyo mu ba."

Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. "Fito ka zagayo. Shekara ashirin ina kai kaina aikin dare a mota da ta fi wannan taurin kai."

Haka Gwaggo ta tuƙo mu cikin ruwa, ta matso da kujera har ƙirjinta yana taɓa sitiyari, tana yi wa masu manyan fitilu faɗa ƙasa-ƙasa. Ta sauke shi a ƙofar gidansu, ta jira sai da ya shiga, ta ce gobe da rana ya zo ya ɗauki motarsa.

Muka rage mu biyu, ni da Gwaggo. Sai da muka shigo layinmu ta kashe mota.

"Ba zan ce ki aure shi ba, ba zan ce kada ki aure shi ba. Na yi jinyar masu irin wannan. Akwai ranar da ke za ki zama idonsa a titi, akwai maganar 'ya'ya da sai kun zauna da likita. Uwarki za ta ƙi, kuma ba don mugunta ba." Ta zare makulli. "Ba na ɓoye wa ƙanina magana. Amma na ba ki zuwa gobe da hantsi, ki fara faɗa da bakinki."

Ina shiga ɗaki saƙonsa ya shigo. "Kun isa lafiya?"

Na rubuta abu biyar na goge. Na ƙarshe na tura: "Mun isa. Ka fara duba yanayin Asabar mai zuwa."

"Kada ki amsa min yau. Ke ma'aikaciyar asibiti ce, ki karanta ciwon tukuna, duka, har wuraren da ba su da daɗi. In kin fasa, ba zan ga laifinki ba."

Na karanta. Har wuraren da ba su da daɗi. Da asuba na sake tura masa saƙon nan dai, ban canza ko harafi ba.

Da hantsi muna falo. Abba yana kan kujerarsa da rediyo a cinya, Umma tana zuba masa shayi, Gwaggo tana yanke farce kamar ba ruwanta. Ni ina bakin kafet.

"To," in ji Abba, "an ga tauraron?"

"Ni na gani," in ji Gwaggo. "Ita ba ta gani ba."

"Ba tauraro ya dame ni ba," in ji Umma. "Ya ce wani abu ko bai ce ba?"

Gwaggo ta dube ni ta saman tabarau. Na gyara zama.

"Abba, akwai maganar da nake so in yi."

Sai aka yi sallama a ƙofa. Na san muryar, ta Injiniya ce. Ya shigo da farar riga mai dogon hannu, an goge ta har tana ɗaukar ido, a hannunsa wata ambulan ruwan ƙasa mai tambarin asibiti. Abba ya nuna masa kujera, ya zauna a ƙasa. Bayan gaisuwa ya ajiye ambulan ɗin a gaban Abba da hannu biyu.

"Ba motar na fara zuwa ɗauka ba, Abba. Ina so in turo manyana cikin makon nan, in ka ba ni izini. Amma akwai abin da ya kamata ka sani kafin ka ba ni, kuma bai dace ka ji shi a bakin kowa ba sai nawa."

Abba ya kashe rediyo. Ya dubi ambulan ɗin, ya dubi yayarsa, sannan ya dube ni.

"Auta, kin san abin da ke cikin takardar nan?"

"Na sani, Abba." Na ɗago na dube shi. "Kuma na riga na ba shi amsata."

Umma ta ajiye butar shayin a hankali. Abba ya miƙa hannu ya ɗauki ambulan ɗin, ya ce da ni in miƙo masa tabaransa.